Bashin da ba a rubuta ba shi ne ke hana ka barci

Wani mai shagon kayan masarufi a Aboabo, nan Kumasi, ya rubuto cewa wata biyu ke nan barci ya ƙaurace wa idonsa. Alhajin da ke ba shi shinkafa da man girki yana binsa kuɗi, shi ma yana bin mutanen unguwa, ga kuma wani aboki da ya kawo masa wata harka ta waya wadda aka ce tana ninka kuɗi cikin wata uku. Yana tambaya ko ya ci bashin MoMo, wato asusun kuɗi na waya, ya zuba a ciki.

Malam, bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ba shi ne ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka ba. Ka ce Alhaji yana binka wajen sidi 40,000, kai kuma kana bin mutane tsakanin 20,000 da 30,000. Wato akwai sidi 10,000 da ba ka san ko naka ne ba. Tunda ba ka da littafi, kanka ne ya zama littafin shagon, shi ya sa da ka kwanta sai lissafi ya taso: mai waakye, wato shinkafa da wake, ta biya buhun ranar Juma'a ko ba ta biya ba? Lissafin da ba a rubuta ba, ba ya ƙarewa, domin kowane dare daga farko kake somawa.

Na san wata Hajiya mai atamfa a kasuwar Kejetia wadda haka ta faru da ita a 2022, shekarar da sidi ya faɗi warwas, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 54 cikin 100 a watan Disamba. Ta yi ta ba da kaya bashi a tsohon farashi, ba rubutu, tana kashe wayarta don gudun masu binta, har hawan jini ya kwantar da ita. Da 'yarta ta zauna ta tattara sunaye, sai aka ga abin da take bin mutane ya kusa biyan abin da ake binta.

Batun ninka kuɗi kuwa, kada ma ka sake tayar da shi. Waɗanda suka zuba dukiyarsu a Menzgold, kamfanin zinaren da ya yi wa mutane alƙawarin riba mai tsoka, kafin hukuma ta dakatar da shi a 2018, da yawansu har yau ba su ga kuɗinsu ba. Shagon da ribar buhu ba ta taka kara ta karya ba, ba zai iya ɗaukar kuɗin ruwan bashin waya ba.

Gobe bayan La'asar, ba da dare ba, ka sayi littafi mai kauri, ka rubuta sunan duk wanda kake bi da adadin kuɗin da ranar da ya karɓi kaya, a wani shafin kuma ka rubuta na Alhaji bayan ka tabbatar da jimillar daga bakinsa. Ka tafi wurinsa da ƙafarka tun bai aiko ba, ka nuna masa littafin, ku yanke abin da za ka riƙa ba shi duk mako, ko da sidi 1,500 ne, muddin ba za ka saɓa ba. Manyan 'yan kasuwa sun fi jure jinkiri a kan ɓuya. Sabon bashi ga wanda bai biya tsoho ba kuma ka dakatar da shi, ko da ɗan ɗakinku ne.

Bayan Isha'i littafin ya zauna a shago, waya ta yi nesa da shimfiɗa, goro da shayin ataya kuma su tsaya tun da rana, domin dukansu suna korar barci. Kada ka sayi maganin barci a kemis ba da izinin likita ba. Idan an yi mako biyu da wannan tsari amma har yanzu kana kwana ido biyu, musamman in da ciwon kai ko bugun zuciya, ka je asibiti a auna jininka.