Filin Tambayoyinku: Wai a Indiya ma an taɓa yin masu cewa babu lahira?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Musu muka yi da abokina a ɗakin kwanan ɗalibai, ni na ce mutanen Indiya tun fil azal masu bautar gumaka ne, duk fim ɗinsu sai ka ga an je ɗakin bauta ana kaɗa ƙararrawa, rashin yarda da Ubangiji kuwa Turawa ne suka kawo shi duniya kwanan nan. Shi kuma ya ce wai a Indiya an yi masu wannan ra'ayi tun kafin Annabi Isa (AS). Don Allah a raba mana gardama. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Toh, sai dai ka yi haƙuri, abokinka ya fi ka gaskiya a wannan karon.

An yi su, kuma suna da suna, Charvaka ake ce musu ko Lokayata, wato ra'ayin 'yan duniya kenan in ka fassara shi sama-sama. Ana jingina asalin koyarwar ga wani Brihaspati, sai dai littafin da aka ce nasa ne ya ɓata, gutsattsari kawai suka rage a cikin littattafan wasu. Kuma riƙe wannan da kyau don shi ne gishirin maganar: kusan duk abin da muka sani game da mutanen nan daga bakin abokan gabarsu ya fito. Ka ɗauka kishiya ce ta ba ka labarin uwargida.

Wanda aka fi sani cikin na farko-farko shi ne Ajita Kesakambali, zamani ɗaya suka yi da Buddha, wajen ƙarni na 6 zuwa na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Laƙabin nan Kesakambali daga bargon da yake yafawa ne, bargon gashin mutum, ka ji wani aiki. A littattafan mabiya Buddha an kawo cewa sarkin Magadha, Ajatasattu, ya zaga wajen malamai 6 yana tambayarsu mene ne amfanin barin duniya a shiga zuhudu, da ya zo kan Ajita sai ya ce masa mutum haɗin abu huɗu ne, ƙasa da ruwa da wuta da iska, in ya mutu kowanne ya koma inda ya fito, mutum huɗu su ɗauki makara zuwa wajen ƙona gawa, ƙasusuwa su yi fari, shi kenan, da mai wayo da wawa duk ƙarshensu ɗaya. Sadaka ma a wajensa toka take komawa.

Akwai kuma wani basarake Payasi da labarinsa yake ba ni tsoro da dariya a lokaci guda. Shi gwaji ya ce ya yi, wai ya sa an jefa ɓarawo da ransa cikin ƙatuwar tukunya aka liƙe bakin da fata da yumɓu aka hura wuta, da ya mutu aka buɗe a hankali ana leƙe ko za a ga rai ya fita, ba a ga komai ba. Wani kuma ya sa aka auna nauyinsa kafin a kashe shi da bayan an kashe shi. Malamin Buddha da ya ba shi amsa ya ce masa to kai in kana barcin rana kana mafarki kana yawo a lambuna, masu yi maka hidima suna ganin ranka yana fita yana dawowa?

To in ka ce musu hankali da tunani fa, daga ina? Sai su ce ai daga haɗuwar abubuwan nan huɗu yake tasowa, kamar yadda kayan haɗin giya ba wanda yake bugarwa shi kaɗai amma in sun tsimu sai maye ya fito. Ko ganyen nan da Indiyawa ke taunawa, a haɗa ganye da ƙwaya da farar ƙasa sai baki ya yi jajir alhali ba ja a cikinsu tun farko, mai cin goro zai ɗan gane hoton.

Tushensu ɗaya ne: abin da gaɓoɓi suka riska shi ne ilimi. In ka hango hayaƙi a kan dutse ka ce akwai wuta, sai su ce ka ga duk hayaƙin duniya ne, na jiya da na gobe, da za ka rantse kullum tare suke? Nan ne ni a ganina suka yi tuntuɓe, kuma malaman mantiƙi na makarantar Nyaya ba su raga musu ba, har da zolaya cewa in haka ne duk ranar da ɗan Charvaka ya fita kasuwa sai ya zauna makokin iyalinsa tunda ba ya ganinsu. Da baya wani nasu, Purandara, ya sassauta ya ce a harkar yau da kullum sun yarda da kafa hujja da alama, a kan lahira da sake haihuwa ne suka ƙi. Amma fa wajen tsokanar limaman Brahmana bakinsu akwai kaifi. Suka ce in dabbar da aka yanka wajen tsafi sama take zuwa kai tsaye, me ya hana mai yankan ya yanka ubansa? In abincin da ake ajiye wa matattu yana isa gare su, to matafiyi ya daina ɗaukar guzuri mana, a riƙa ci masa a gida.

Maganar da ta fi yawo a kansu ita ce wai muddin kana raye ka ji daɗi, ka sha man shanu ko da bashi ne, jikin da ya zama toka ta ina zai dawo. Wannan a littafin Sarvadarshanasamgraha take, na Madhava, ƙarni na 14, shi kuwa ɗan Vedanta ne, wata makarantar addinin Hindu, ya sa su a babin farko ne don a wajensa su ne matakin ƙasa. Don haka ni ina ɗaukar zancen man shanun nan da taka-tsantsan.

Wani abu kuma da zai ba ka mamaki, kalmar nastika da ake kiransu da ita ma'anarta a can wanda ya ƙi littattafan Veda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, shi ya sa mabiya Buddha da Jain ma suka shiga ciki duk da sun yarda da sakamakon aiki bayan mutuwa. Sannan tsohuwar makarantar Samkhya da ta Mimamsa sun karɓi Veda amma ba su kafa komai a kan mahalicci ba. Mu ma dai ba baƙon zance ba ne a wajenmu, ka duba Suratul Jasiya aya ta 24, masu cewa ba abin da ke halaka su sai zamani, su ne malamanmu ke kira Dahariyya, kuma Imam Gazali ya yi magana a kansu ƙarni da yawa da suka wuce.

Tambaya: Malam har yanzu akwai su? Daga wata 'yar'uwa a Maraɗi.

Amsa: A matsayin makaranta mai malamai da almajirai, a'a 'yar'uwa, wajen ƙarni na 12 labarinta ya fara dusashewa, duk da Abul Fazl na fadar sarki Akbar ya sake ambatonsu a ƙarshen ƙarni na 16. Littafi ɗaya cikakke da ake dangantawa da ɓangarensu shi ne na Jayarashi Bhatta, a 1926 aka tsinto shi a ɗakin ajiyar littattafan mabiya Jain a garin Patan na jihar Gujarat, aka buga shi a 1940. Shi ɗin ma masana na gardama a kansa, don shi hatta abin da ido ya gani bai yarda hujja ba ne.