Na makara wajen neman kuɗin rashin aiki a Jamus, za su karɓi uzurina?

Ɗan'uwa, ka ce kwantiraginka ya ƙare, sai bayan mako biyu ka je Agentur für Arbeit, wato hukumar samar da aiki ta Jamus, yanzu sun aiko takarda suna tambayar dalilin jinkiri. To, makarar taka iri biyu ce, kuma uzuri a guda ɗaya kaɗai yake aiki.

Akwai sanar da su cewa aikinka zai ƙare, wato arbeitsuchend. Wannan ana yin sa wata 3 kafin ranar ƙarshe, in kuma sallamar ta zo a ƙurarren lokaci, cikin kwana 3 da samun labari. Wanda ya makara ba dalili sai a ɗora masa Sperrzeit, wato dakatar da biyan kuɗin, na mako 1, a zaftare kwana 7 daga haƙƙinsa. Takardar da ke hannunka a kan wannan take.

Ɗayan shi ne rajistar zama marar aiki, arbeitslos. Kuɗi na fara lissafi ne daga ranar da ka yi ta, ba a biyan na baya. Mako biyun nan kada ka sa musu rai.

Wajen cike takardar, kwanan wata suke nema, ba dogon labari ba. Rubuta ranar da ka samu wasiƙar sallama, abin da ya tare ka, daga yaushe zuwa yaushe, da ranar da ka tuntuɓe su. Kwanciya asibiti ko ciwo mai tsanani uzuri ne, amma sai shaidar likita ta rufe ainihin kwanakin. In an sallame ka daga asibiti Litinin, ba ka motsa ba sai Juma'a, za su tambayi na tsakanin, tunda ana iya sanarwar ta waya ko intanet.

"Oga ya ce zai sabunta mini" ba ya wucewa, dokar ta ce ko da alkawari sai ka sanar. Haka ma in ka kai ƙara kotun ma'aikata. "Ban sani ba" kuwa, duba ƙasan wasiƙar sallamar tukuna, yawancin kamfanoni suna rubuta gargaɗin a nan, in yana ciki maganar ta mutu.

In suka ƙi, kana da wata 1 daga samun hukuncin ka shigar da Widerspruch, wato ƙorafin ƙin amincewa da hukuncin, a rubuce, kyauta ne. Aika shi ko da shaidar likita ba ta fito ba, ka ce tana tafe.