Yarona ya haddace Spider-Man amma ba ya taɓa littafi: ta ina zan ɓullo masa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Babban yarona shekararsa bakwai, yana aji biyu na firamare. Jakar makarantarsa, gorar ruwansa, har rigar barcinsa duk hoton Spider-Man ne, in kuwa aka kunna katun ɗin ko ƙiftawa ba ya yi. Amma littafi sai an kai ruwa rana. Na ji ana cewa a ƙasashen waje ta wannan hanya yara ke kama karatun komik, wato littattafan labari masu zane. Na sayo masa guda biyu wajen masu littattafan gwanjo, ya kalli hotuna ya ajiye. Da na duba da kaina sai na ga jini da wasu zane-zanen da ban so ya gani ba. Shin da gaske katun na kai yaro ga karatu? In haka ne, ina na kuskure? — Wata uwa daga Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Da gaske ne, sai dai katun da jaka rabin aikin suke yi. Su ne ke sa yaro ya san jarumin, ya san abokansa da maƙiyansa, ya ƙaunace shi. Mai koyon karatu kaya biyu yake ɗauka a lokaci guda: yana fama da haruffa, yana kuma ƙoƙarin gane wane ne wane a labarin. Yaronki an riga an sauke masa ɗaya. Abin da ya rage shi ne littafin da ya yi daidai da shi, da babban da zai nuna masa yadda ake bin shafi.

A Amurka, inda wannan sana'a ta yi ƙarfi, kamfanoni da gangan suka shimfiɗa hanyar. A 1982 kamfanin Mattel ya fito da 'yan tsanan He-Man, kowanne da ɗan ƙaramin komik a cikin kwalinsa, tun kafin katun ɗin ya fara fitowa a 1983. Yaro ya buɗe abin wasa, labarin na hannunsa. A shekarar 1982 ɗin dai kamfanin kayan wasa na Hasbro ya haɗa kai da kamfanin komik na Marvel a kan 'yan tsanan sojoji na G.I. Joe, aka riƙa tallata littafin kansa a talabijin, kuma ya yi fitowa 155 kafin ya tsaya a 1994. Da katun ɗin Batman ya fito a 1992, kamfanin komik na DC ya buɗe masa komik na musamman mai irin zanen da yara ke gani a talabijin, yawanci labari ɗaya a kowace fitowa. A duk misalan nan littafin na kusa da abin wasan ko katun ɗin, kuma jarumin ciki shi ne wanda yaron ya sani. Jakar da muke sayowa a kasuwa kuwa fuska ce kawai, ba labari a tare da ita.

Littattafan da kika sayo, bisa yadda kika kwatanta su, na wata-wata ne da ake bugawa don matasa da manya. Tun wajen shekarun 1980 komik a Amurka ya riƙa barin teburin masu jarida yana komawa shaguna na musamman, masu sayensa suka zama manya, labaran suka ƙara duhu da zubar da jini. Irin wannan fitowa shafukan labarinta kamar 20 ne, kuma galibi yanki ce daga labarin da ke ɗaukar fitowa biyar ko shida. Wanda ya tsinci ta tsakiya a gwanjo tamkar ya shigo ana tsakiyar tatsuniya ne, bai ji farko ba, ba zai ji ƙarshe ba. Ga kuma tarihi: Spider-Man ya fara fitowa a 1962, sama da shekara 60 ke nan ana ɗora labari kan labari, marubuta na ɗauka mai karatu ya san abin da ya wuce. Sannan akwai wata 'yar matsala da iyaye ba su cika lura da ita ba. Yawancin waɗannan littattafai da manyan baƙaƙe zalla ake rubuta maganganunsu, alhali ɗan aji biyu da ƙananan baƙaƙe ya saba gane kalma. Ki haɗa da cewa Turanci ne, harshen da a makaranta yake koyonsa. Ajiyewar da ya yi ba ƙyuya ba ce.

Kafin ki sake fitar da kuɗi, ki dubi jakar tasa, domin Spider-Man ba mutum ɗaya ba ne. Idan kayan jarumin ja da shuɗi ne, Peter Parker ne. Idan baƙi ne mai ratsin ja, Miles Morales ne, wanda aka ƙirƙiro a 2011. Mu manya duk ɗaya ne a wurinmu, amma yaro na iya ƙin littafi don kawai "ba shi ba ne". Ki tambaye shi sunan katun ɗin da yake kallo, ki nemi littafin da aka yi daga wannan katun ɗin takamaimai. Misali, katun ɗin ƙananan yara na Spidey da Disney ya fara nunawa a 2021 yana da nasa littattafan na masu koyon karatu.

Sai alamar shekaru, wadda galibi ke kusa da layukan farashi a bangon gaba ko na baya. Harafin E da DC ya riƙa sa wa littattafansa a baya, ko rubutun All Ages a na Marvel, na nufin kowa zai iya karantawa. T na 'yan shekara 12 ko 13 ne zuwa sama, T+ ya ɗara haka. In kin ga M, ko MAX, ko Black Label, ki mayar wa mai shago abinsa, na manya ne. Tsofaffin bugu da yawa ba su da waɗannan haruffa, don haka alamar ba ta ɗauke miki dubawa ba. Minti uku sun isa ki bi shafukan ɗaya bayan ɗaya. Abin da Bature ya ce ya dace da kowa ba lallai ya dace da gidanki ba, musamman shigar jarumai mata da labaran da aka gina kan allolin mutanen da, irin su Thor.

Kina tsaye a gaban mai littafi za ki iya auna nauyinsa. Shafin komik an raba shi gida-gida, kowane gida da zanensa. Ɗan shekara bakwai da ke farawa, gida ɗaya zuwa huɗu a shafi ya ishe shi, kowace magana kada ta wuce layi biyu, labarin kuma ya ƙare a cikin littafin. In yaron na tare da ke, ya karanta shafi biyu yana naɗe yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. In yatsu biyar suka ƙare kafin shafukan su ƙare, a bar shi sai baɗi.

Zaman farko shi ne mai muhimmanci, domin bin shafin komik koyo ake yi, ba a haifi kowa da shi ba. Ku zauna kafaɗa da kafaɗa, littafin a cinyarsa. Ki sa yatsa a gidan farko na sama ta hagu, ki ja zuwa dama, ki sauko layi na gaba. Ki nuna masa cewa farin da'irar nan mai kama da balan-balan magana ce, 'yar wutsiyarta na nuna bakin mai maganar. In biyu ne a gida ɗaya, ta sama ake fara karantawa. Mai kama da gajimare tunanin zuci ne, ba wanda ya ji shi a cikin labarin. Ƙaramin akwatin da ke kusurwa muryar mai ba da labari ce, shi ke cewa "washegari" ko "can a wani gari". Manyan kalmomi masu launi da ke warwatse cikin zane ƙara ce, kuma nan ne yara suka fi jin daɗi. Ki ba shi nasu na Hausa: wanda ya faɗo ƙasa tim, ƙofa ta rufe garam, mari tas.

Daga nan ku raba muryoyi. Shi ya ɗauki jarumin, ke ki ɗauki mugun da akwatin mai ba da labari, tunda su suka fi dogon zance. In ya tsaya a kan kalma, ki ƙirga uku a zuci, ki faɗa masa, ku wuce. Kada ki ce ya maimaita sau biyar, nan take zaman zai koma darasi. Lokaci-lokaci ki ɗora yatsa a farar ratar da ke tsakanin gida biyu, ki tambaye shi da Hausa: a nan ya ɗaga hannu, a nan ɓarawon na kwance, me ya faru a tsakani? Mai zane bai zana dukan ba, yaron ne ya cika shi da kansa. A katun an gama masa wannan aikin, motsi da murya da kiɗa duk an kawo masa. A komik shi ke yi, kuma wannan cike giɓin shi ne zai yi amfani da shi gobe a littafin da ba hoto ko ɗaya. Minti 10 zuwa 15 bayan sallar isha sun wadatar, a tashi yana son ƙari.

Kallon hotuna kawai da ya yi, kada ya dame ki. Yawancin yara sai sun zagaye littafin da ido sau biyu ko uku kafin su waiwayi rubutun. Haka in ya nace wa guda ɗaya har bangonsa ya yage, ki liƙe da salatif ki miƙa masa. Maimaitawar ce ke zaunar da kalmomin.

Abin da ya fi kashe wannan hanya shi ne mai da littafi kuɗin fansar katun, a ce "ba kallo sai ka karanta". Yaro zai ɗauki littafin a matsayin abin da ya tare masa hanya. Gara a bar shi ya gama kallonsa, littafin na ajiye kusa, sai ki ce akwai wani labarin nasa a nan da ba su nuna ba. Na biyu shi ne waya: shafin da aka zana don takarda in ya shiga allon waya rubutun ƙanƙancewa yake, ga wasanni na jiran yatsansa. Na uku, garajen raba shi da komik da zarar ya fara sabawa, wai a koma "littafin gaske". Ko a Amurka an daɗe ana wannan gardama, har a 2020 littafi mai zane ya ci lambar Newbery, babbar kyautar adabin yara ta ƙasar, karo na farko.

Nan da shekara uku ko huɗu wataƙila ya dawo da zancen Naruto daga makaranta. Waɗannan na Japan ne, ana kiransu manga, kuma daga dama ake buɗe su a bi gidajen zuwa hagu, abin da ba zai ba ɗan Islamiyya wahala ba. Sai dai Naruto alamar T gare shi, a jira tukuna. Idan ƙwallo ta fara shiga ransa, akwai Supa Strikas, wanda ya fara a matsayin komik a Afirka ta Kudu a 2000 kafin a yi katun ɗinsa, kuma ya yi tashe a Najeriya. Iyanu na Roye Okupe, ɗan Najeriya, shi ma littafi ne kafin ya zama katun a Cartoon Network a 2025, amma ya fi dacewa da wanda ya ɗan tasa.

Tunda kusan duk waɗannan da Turanci suke, ki haɗa masa da na gida. Ki ninka farar takarda biyu a tsakiya, ki ɗinke ko ki danna musu abin maƙala takarda, kin sami shafi takwas. Ki ja gida huɗu a kowane shafi da rula. Ya zana Gizo da Ƙoƙi, ko jarumin nasa ya zo unguwarku, ya rubuta maganganun da Hausa. Ki ce ya fara rubuta maganar kafin ya zagaye ta da da'ira, in ba haka ba kalmomin ba za su shiga ba, ya yi ta gogewa har takardar ta huje.

In kun yi wata biyu kuna wannan zama amma har yanzu yana kasa haɗa baƙi da wasali a kalmomi masu sauƙi, ko yana kai littafin dab da fuskarsa, ko yana kukan ciwon kai, ki sami malamar ajinsa ku yi magana, a kuma kai shi a auna idonsa.