Haramtawar gwamnati ba fatawa ba ce: amsoshin tambayoyinku

Daga Ƙofar Marusa, Katsina: Malam, na ji a rediyo an ce gwamnati ta haramta wata ɗariƙa. Ke nan bin ta ya zama haramun?

A'a, ɗan'uwa. "Haramta" a bakin malamin fiƙihu daban, a bakin gwamna daban. Malami in ya ce abu haramun ne, zancen zunubi yake yi, kuma sai ya kawo aya ko hadisi. Gwamnati kuwa hani take nufi: kada a yi taro, kada a fita muzahara, wanda ya yi a kama shi. Tsarin mulkin 1999 ma ya ɗaure mata hannu. Sashe na 10 ya hana ta ɗaukar wani addini a matsayin na hukuma, sashe na 38 ya ba kowa 'yancin addininsa. Shi ya sa takardun hani ke magana a kan zaman lafiya da tsaro, ba su ce wane ya ɓata ba. Da gwamnatin Kaduna ta haramta Harkar Musulunci ta Shaikh Ibrahim Zakzaky a Oktoban 2016, da kuma lokacin da Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ba da umarnin haramta ta a Yulin 2019, ƙungiya aka ambata. Fadar shugaban ƙasa har ta fito ta ce ba aƙidar Shi'a aka hana ba. 'Yan harkar ba su yarda da wannan rarrabewa ba, wannan kuma muhawara ce ta lauyoyi. Inda hukuma ta shiga aƙida da kanta shi ne Pakistan, da majalisarta ta ayyana 'yan Ahmadiyya a matsayin waɗanda ba Musulmi ba a 1974.

Amma abin da ya fi ci mani tuwo a ƙwarya shi ne "ɗariƙa" ɗin nan. Wasu masu fassara labarai, da zarar sun ga kalmar Turanci ta rukunin addini, sai su liƙa mata ɗariƙa, ko kallon baya ba sa yi. Ɗariƙa hanyar Sufaye ce, mai shehu da wuridi da silsila: Ƙadiriyya, Tijjaniyya. Mazhaba ta fiƙihu ce, kamar Malikiyyarmu. Izala, wadda Shaikh Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ƙungiya ce. Je ka kira ta ɗariƙa a gaban ɗan Izala ka ga yadda fuskarsa za ta koma. Na taɓa jin mai karanta labarai ya ce "ɗariƙar Boko Haram", wani tsoho muƙaddami da muke zaune tare ya ajiye carbinsa ya kashe rediyon. Muna da ƙungiya, muna da aƙida, muna da jama'a. Ba talauci ne ya same mu ba, ganda ce.

Daga Dutsin-Ma: Me ya sa kakata ke cewa "ana bidi'a a gidan biki"?

Daidai ta faɗa. Ban da ma'anar ƙirƙira a addini, Hausawa sun daɗe suna kiran kiɗa da shagali bidi'a.

Wata malama daga Daura: "An kashe maciji ba a sare kansa ba", ina ake amfani da shi?

Hajiya, ke da ke maƙwabtaka da rijiyar Kusugu, ai ku ne za ku koya mana, tunda Bayajida bai tafi ya bar kan a jiki ba. Ana faɗinsa in an yi maganin abu sama-sama, tushen na nan. Masu sharhi kan jawo shi a zancen Muhammadu Marwa, mai wa'azin nan da aka sani da Maitatsine. Sarkin Kano Sanusi ya kore shi a 1962, ya dawo. Aka kashe shi a rikicin unguwar 'Yan Awaki ta Kano a Disambar 1980, wanda kwamitin Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu. Sai ga wuta a Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, shekarar da gwamnatin Shagari ta haramta ƙungiyarsa, sai Jimeta a 1984, sai Gombe a 1985. Sai dai ina roƙon a riƙa taka-tsantsan: wanda ka kira maciji ka riga ka yanke masa hukunci, kuma ba kowace jama'a da aka saɓa da ita ce ta ɗauki makami ba. Don Allah kuma a daina cewa "an kashe maciji ba a sare wutsiya ba". Wutsiya ba ta sara.

Daga Mani: Maitatsine sunansa ne?

Laƙabi ne, daga "Allah ya tsine" da ya yawaita a wa'azinsa.

Wani ɗalibi daga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa: Ƙala-ƙato Larabci ne?

Rabi da rabi. "Ƙala" Larabci ne, wato "ya ce". Ƙato kuwa namu ne. Ana jingina wa masu ƙin hadisi cewa suna ɗaukarsa maganar wani ƙato kawai. In za ka rubuta su a kundinka, rubuta Ƙur'aniyyun, kuma ka sa lanƙwasar ƙ ɗinka.