Kada ka zuba wa fulawar nan taki

Ɗana, ka tambaye ni jiya ko ka zuba wa fulawar da ke falon Hajiyar da muke yi wa aiki taki, tunda ganyenta ya fara komawa rawaya. Ban amsa maka nan take ba domin kalmar taki da ka ambata ta fama mini wani tsohon miki. Kada ka zuba mata komai sai ka tura yatsanka cikin ƙasar har gaɓa ta biyu ka ji ko a jiƙe take, sannan ka ɗaga tukunyar ka duba ko gindinta a huje yake.

Lokacin da nake da ƙarfina, wani mai otal ya ba ni aikin ƙawata zauren baƙinsa da tukwane 40, ya biya rabin kuɗin, muka yi da shi zai cika sauran bayan wata guda. Shukokin nan ni na raine su da hannuna fiye da shekara, akwai moda a cikinsu, wadda ko wata guda ka manta da ita ba za ta mutu ba. Sai mutumin ya dage a juye su cikin waɗansu tukwanen tangaran masu ƙyalli da ya sayo, waɗanda ko huda ɗaya babu a gindinsu, wai kada ruwa ya ɓata masa tayil. Na nuna masa illar hakan, ya ce shi ke biya, ni kuma kwaɗayin aikin ya sa na yi shiru. Ashe ya sa masinjansa yana ba su ruwa safe da yamma, a cikin zauren da na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa, rana kuma ba ta leƙawa, saboda haka ƙasar ba ta taɓa bushewa ba.

Mako uku ba su cika ba ganyaye suka fara rawaya daga ƙasa, ya aiko a kira ni yana faɗa a gaban ma'aikatansa. A nan na yi kuskuren da har yau yake ci mini rai: maimakon in zare shuka ɗaya in duba saiwarta, sai na ɗauka yunwa ce, na barbaɗa musu takin yuriya. Saiwar da ke zaune cikin ruwa ba ta samun iska, ta riga ta fara ruɓewa, ba ta iya shan komai, gishirin takin kuwa sai ya ƙarasa ƙone ɗan abin da ya rage. Garin neman gira na rasa ido. Da na zare su daga baya, saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laɓo-laɓo, suna warin kwata. Mutumin ya hana ni cikon kuɗina, ya riƙe tukwanensa, ya kuma bi abokansa yana cewa ruɓaɓɓun shuke-shuke na kawo masa, alhali shi ya hana a huda tukunyar. Na yi shekara biyu kafin in maido da abin da na rasa, kuma har yau idan na wuce ƙofar otal ɗin nakan kau da kai.

Ku yaran yanzu, da kun ga ganye ya sauya sai ku ɗauke shi hoto ku tambayi mutanen Facebook, waɗanda ba su taɓa shinshina ƙasar tukunyar ba. Ganyen da kansa yana faɗa maka damuwarsa. Idan tsofaffin ganyayen ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya alhali ƙasar ba ta jiƙe sharkaf ba, saiwa kuma fara ce mai ƙarfi, a nan ne ake maganar taki, shi ma kaɗan. Idan sabon toho ne ya yi fari-fari amma jijiyoyinsa suna nan kore, ka tuhumi ruwan burtsatse mai barin farin gishiri a bakin tukunya, domin yana hana shuka jan sinadarin ƙarfe, ka tara mata ruwan sama. A cikin hunturu kuwa ka juya bayan ganyen, domin akwai waɗansu mitsi-mitsin ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo da ke son bushewar iska. Yadda ake haɗa ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen kashin shanu ba zan ɓata bakina a kai ba, wanda ya shekara a lambuna bai sani ba ya nemi wata sana'a.

Gobe da safe ka je gidan, ka zare shukar a gaban Hajiya domin ta gani da idonta. Idan saiwar ta ruɓe, ka yanke baƙin da wuƙa mai tsabta, ka sauya ƙasa, ka mayar da ita tukunya mai huda, ka ajiye ta kusa da taga. Ka gaya mata tun yanzu cewa ganyen da ya riga ya yi rawaya duka ba zai sake kore ba, sabon toho za ta jira. Idan ta ce lallai sai tukunyarta marar huda, ka gaishe ta da ladabi, ka ɗauko kayan aikinka ka dawo.