Taswirar macijin Scott: a yi mata laminatin?

Tambaya: Malam, ina karatu a Ohio. A wani gwanjo na sayi taswirar yaƙin basasar Amurka, wadda aka zana ƙaton maciji ya kanannaɗe jihohin Kudu. Gefenta ya fara ɓarewa, duk sanda na taɓa sai wani guntu ya faɗi. Abokina ya ce in yi sauri in kai a yi mata laminatin. Hankalina ya tashi, kada ta lalace a hannuna.

Amsa: Kwantar da hankalinka, amma kada ka kusanci injin nan. Abin da ke hannunka shi ne zanen J.B. Elliott na Cincinnati, na 1861, kan shirin Janar Winfield Scott, babban kwamandan sojojin Arewa, na toshe tashoshin jiragen ruwan Kudu da kama kogin Misisipi. Duba wutsiyar macijin, za ka ga ta naɗe sandar tuta a Washington. Kwafi na zamani sun cika kasuwa, don haka ɗora madubin ƙara girma a kan launin. Idan ka ga ɗige-ɗige na shuɗi da ja da rawaya a jere, bugun jiya ne, ko da takardar ta yi ja kamar an tsoma ta a shayi.

Yanzu ga maganar laminatin, wadda ta ishe ni. Kusan kullum sai an kawo mini takarda an rufe ta da leda, mai ita yana murna wai ya adana ta. Mu da muka saba kai takardar shaidar makaranta shagon kwafi, muna ganin leda ce gatan kowace takarda. Injin yana narkar da gam da zafi, gam ɗin ya shige cikin zaren takardar har da tawada. Daga nan babu komawa: ka ɓare ledar, zanen ya biyo ta. Tsamin da ke cin takardar kuma ka kulle shi ciki, yana ci gaba da aikinsa ba mai iya kai masa hannu. Idan ta asali ce, darajarta ta zube tun kafin ledar ta huce.

Manya ma sun faɗa wannan ramin. Tun shekarun 1930 William Barrow, mai gyaran takardu a jihar Bajiniya, ya yaɗa wata hanyar manne takardu da leda, gidajen adana tarihi na Amurka suka rungume ta shekara da shekaru. Yau wasu takardun sun kumbure suna warin tsami, ƙwararru na ɓata lokaci da kuɗi suna warware abin da aka yi da sunan kariya. Mai shagon kwafi da zai ce maka "ba komai" bai taɓa ganin wannan ba. Salatif ma haka, yana barin tabo ruwan ƙasa.

Shimfiɗa ta a kwance cikin jakar takarda marar tsami, nesa da rana da danshi. Guntayen da suka faɗi, tara su a ambulan. Sannan ka je ɗakin karatun jami'arku, sashen tsofaffin takardu, ka nemi su haɗa ka da mai gyaran takarda.