Amsa: haɗa janareta da wutar gida ba tare da haɗari ba

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya cusa wayar gurup ɗinka, wato janareta, mai ƙarfin 5 kVA cikin soket ɗin bango idan NIGELEC, kamfanin wutar lantarki na Nijar, ta ɗauke wuta. Don Allah kar ka yi. Wutar za ta koma baya ta bi layi har taransifoma, ta kama ma'aikacin da ke saman fal yana zaton layin a mace yake. In kuma wuta ta dawo gurup na aiki, zai iya ƙonewa nan take.

Abin da ake sawa makunnin sauya layi ne mai matsayi uku: 1 wutar NIGELEC, 0 a kashe, 2 wutar gurup. Wurinsa bayan mita da babban makatsin wuta, kafin akwatin da ke raba wutar ɗakuna. Lallai ya yanke waya biyu, mai wuta da nitiral. Masu yanke guda ɗaya don araha su ke jawo fitila na kyaftawa da jan hannu a jikin firiji.

A 220 V, 5 kVA na ba da wajen amfiya 23. Sa makatsi mai amfiya 25 da wayar tagulla 6 mm². Kafa sandar ƙarfe mai tsawon mita 2 cikin ƙasa ka haɗa ta da jikin gurup. Rairayin Maradi na bushewa ƙayau da rani, sai ka zaɓi wuri mai danshi.

Wajen tayarwa, mai da makunni 0, tada inji ya yi minti biyu, sannan 2. Kunna kaya ɗaya bayan ɗaya, domin firiji da famfon ruwa na zuƙar wuta ninki uku ko fiye lokacin tashi.

A waje za ka ajiye gurup ɗin, mita 6 daga taga, ba cikin zaure ba. Iskar gubar da ke cikin hayaƙinsa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.